Yaushe ne ya halatta wata ƙasa ta tura soja cikin rikicin da ba nata ba?

Malam Isiya:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da kowa yake da ra'ayi a kanta, amma ra'ayin yakan sauya gwargwadon wanda ake duka a ranar. In aka ambaci Iraƙi, sai ka ji mutum ya ce katsalandan zalunci ne, kowace ƙasa ta ji da kanta. In aka ambaci Ruwanda, mutumin nan dai shi ne zai ce duniya ta ci amana da ta naɗe hannu tana kallo. To ai guda za a ɗauka. Ko dai akwai lokacin da shiga ƙasar wani da bindiga ya halatta, ko babu.

Ni a wurina akwai, kuma Ruwanda ce hujjata. Daga Afrilu zuwa Yuli na 1994 an kashe mutane kimanin 800,000, galibinsu 'yan Tutsi, mafi yawa da adda da kulki. Ba a ɓoye aka yi ba, gidan rediyo ne ke ambaton sunayen waɗanda za a kashe. Dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya wajen 2,500 suna ƙasar, kuma kwamandansu Janar Romeo Dallaire ya aika wa hedikwata saƙo tun watan Janairu cewa ana tara makamai. Da aka kashe sojojin Beljiyam 10, Beljiyam ta kwashe nata, sannan a ranar 21 ga Afrilu Kwamitin Sulhu ya rage dakarun zuwa 270. Ana tsakiyar yanka aka rage su. Dallaire ya sha faɗin cewa da an ba shi soja 5,000 masu kayan aiki da izinin amfani da ƙarfi, da an ceci rayuka masu ɗimbin yawa.

Saboda haka abin da nake gani shi ne, idan kisan kiyashi ya kankama, kuma abin da za a je yi ƙayyadajje ne, wato a tsayar da kisan, shiga ta halatta. Inda ake samun ɓarna shi ne idan aka je da niyyar rushe ƙasa a sake gina wata yadda ake so. Bismillah, a gyara mini.

Ɗanliti:
Wa alaikumus salam. Malam, wannan ƙayyadajjen aikin naka a takarda kawai yake. Libiya ma da shi aka fara. Ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 1973 na Maris 2011 cewa ya yi a kare fararen hula a kuma hana jiragen Gaddafi shawagi. Babu inda aka rubuta a kifar da gwamnati. Wata bakwai NATO ta yi tana ruwan bama-bamai har sai da aka kashe mutumin a Sirte ranar 20 ga Oktoba. In Bengazi aka je karewa, ai an kare ta tun makon farko. Me ake nema kuma a Sirte?

Sannan a duba abin da ya biyo baya. Rumbunan makamai suka tashi babu mai tsaro, mayaƙa suka kwasa suka gangara kudu, a Janairun 2012 tawaye ya ɓarke a arewacin Mali, a Maris soja suka yi juyin mulki a Bamako. Har yau yankin bai farfaɗo ba. Duk wanda ya ba mai jirgin yaƙi izinin shiga, ba shi ne zai faɗa masa lokacin fita ba.

Nafisa:
Sannunku. Bari in ɗan sa baki ta fuskar doka, don ana haɗa abubuwan da ba ɗaya ba ne. Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945, a sashe na 2 sakin layi na 4, ya haramta wa kowace ƙasa amfani da ƙarfi a kan wata. Ƙofa biyu kawai ya bari. Ɗaya kare kai idan an kawo maka hari, wannan sashe na 51 ke nan. Ɗayar kuma idan Kwamitin Sulhu ya ba da izini ƙarƙashin babi na 7, wanda ke buƙatar ƙuri'a 9 cikin 15, kuma kada ɗaya daga cikin biyar ɗin nan, Amurka, Birtaniya, Faransa, Rasha da Sin, ta hau kujerar na-ƙi.

Da wannan ma'aunin, Libiya ta shiga ta ƙofa. Ƙasashe 10 suka amince, 5 suka ƙaurace, wato Rasha, Sin, Jamus, Indiya da Birazil. Kuma Yaya Ɗanliti, ƙasashen Afirka uku da ke kwamitin a lokacin, Najeriya da Afirka ta Kudu da Gabon, duka sun ɗaga hannu. Iraƙi ta 2003 kuwa ta katanga aka haura. Kofi Annan, babban sakataren Majalisar a lokacin, da bakinsa ya ce a 2004 yaƙin ya saɓa wa kundin. Don haka ba daidai ba ne a zuba su a buhu ɗaya.

Ɗanliti:
Ƙanwata, wanda bam ya faɗa wa gida ba ya tambayar lambar ƙuduri.

Nafisa:
Gaskiya ne, amma wanda ke cikin Bengazi a daren da tankoki suka doso garin, bayan ya ji shugaban ƙasarsa ya ce za a bi su gida-gida, shi ma ba ya tambayar me zai faru a Mali bayan shekara guda.

Malam Isiya:
Ɗanliti, ai maganarka ta Sirte tawa ce ka faɗa. Ban ce abin da NATO ta yi daidai ne ba. Cewa na yi an fara da aiki ƙayyadajje aka zarce. Tarayyar Afirka ta kawo taswirar sulhu a Afrilun 2011, Gaddafi ya ce ya karɓa, 'yan tawaye suka ƙi saboda ba ta ce ya sauka ba. Me zai sa su karɓa alhali suna da jiragen sama na aro? Daga nan aikin ya tashi daga kare fararen hula ya koma taya ɓangare ɗaya cin yaƙi. Kwamitin harkokin waje na majalisar dokokin Birtaniya ma a 2016 ya ce an zuzuta barazanar da ake yi wa fararen hula, kuma ba a yi shirin abin da zai biyo baya ba. Obama shi ma a wannan shekarar ya ce rashin shirin bayan Gaddafi shi ne mafi munin kuskurensa a mulki.

Babbar asarar da Libiya ta jawo, a ganina, ba a Libiya kaɗai ta tsaya ba. Rasha da Sin sun ce an yaudare su, kuma da rikicin Siriya ya zo sai suka riƙa hawa kujerar na-ƙi a kai a kai. Ban ce da ba don Libiya ba Rasha za ta saki Assad ba, a lokacin tana da sansanin sojan ruwa a Tartus da ke Siriya tun zamanin Tarayyar Sobiyet. Amma an miƙa mata hujja a hannu.

Baba Sajan:
Salamu alaikum 'ya'yana. Ina karanta ku tun ɗazu. Ni tsohon soja ne, na kuma yi aikin wanzar da zaman lafiya a ƙasar waje, don haka abin da zan faɗa daga ƙasa ne, ba daga teburin taro ba.

Kuna ta maganar a shiga ko kada a shiga, kamar hanya biyu ce kawai. Akwai ta uku, kuma ita ce ta fi kashe mutane: a shiga rabi da rabi. A tura soja da hular shuɗi da ƙaramar bindiga, a ce masa kada ka harba sai an harbe ka, sannan a sanar wa talakawa cewa ga wurin tsira. Ku duba Sirebirenika a Bosniya. A 1993 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce garin tudun mun tsira ne. Mutane suka yarda, suka taru a can. Sojojin Holan 'yan ɗaruruwa ne ke gadin wurin, ba su da manyan makamai. A Yulin 1995 dakarun Ratko Mladic, kwamandan Sabiyawan Bosniya, suka shigo, aka nemi taimakon jirage, abin da ya zo bai taka kara ya karya ba. Aka ware maza da samari, aka kashe kimanin 8,000. Da ba a yi musu alkawari ba, wataƙila da wasu sun watse tun da wuri.

Bayan 'yan makonni NATO ta yi luguden wuta na gaske a kan Sabiyawan Bosniya, a lokacin kuma dakarun Kuroshiya da na Bosniya suna matsa musu ta ƙasa, kafin shekarar ta ƙare an sa hannu a yarjejeniyar Dayton. Ƙarfin da aka ce babu a watan Yuli, ashe yana nan a watan Agusta.

Abin da soja yake so ya sani kafin ya hau jirgi ba shi da yawa. Wa zan kare, wa zan harba, wa zai kawo mini ɗauki idan aka fi ƙarfina, kuma me zan gani in san aikina ya ƙare. Duk shugaban da ba zai iya amsa wannan ba, ya bar yaran mutane a bariki. Kuma ku sani, ranar da gawa ta fara dawowa gida ake gane ko da gaske ake. Amurka ta rasa soja 18 a Mogadishu a Oktoban 1993 ta tattara ta fita, kuma tsoron maimaita wannan ne ya sa bayan wata shida ta ƙi ko da kiran abin da ke faruwa a Ruwanda da sunansa.

Malam Isiya:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Wannan hanya ta uku ba ta cikin lissafina, kuma ta fi sauran ban tsoro.

Ustaz Kabiru:
Assalamu alaikum. Ina so in tuna mana cewa tambayar nan ba sabuwa ba ce. A Suratul Hujurat aya ta 9, Allah ya ce idan ɓangarori biyu na muminai suka yi faɗa a sulhunta su, idan ɗaya ya yi zalunci a kan ɗayan a yaƙi mai zaluncin har ya dawo ga umarnin Allah, idan ya dawo a sulhunta su da adalci. Ku lura da jerin. Sulhu ne farko. Yaƙin yana da iyaka, wato har ya dawo, ba har a shafe shi ba. Sannan aikin bai ƙare da ajiye makami ba, sai an koma an yi sulhu na adalci, har da wanda aka yaƙa.

Malamai kuma sun kafa ƙa'ida a babin hani da mummuna, cewa idan kawar da ɓarna zai haifar da wadda ta fi ta girma, to kawarwar ba ta halatta ba. Wannan ita ce tambayar da ba a yi ba a Iraƙi. Babu mai musun Saddam azzalumi ne, Halabja kaɗai ta isa shaida, inda aka kashe Kurdawa dubbai da iskar guba a 1988. Amma a 2003 ba don Halabja aka je ba, an ce yana da makaman ƙare dangi, aka bincika ba a samu ba. Sannan a watan Mayu na shekarar Paul Bremer, wanda Amurka ta naɗa ya riƙe Iraƙi, ya rusa rundunar sojan ƙasar baki ɗaya, aka sallami dubban ɗaruruwan mutanen da suka iya bindiga ba aiki ba albashi. Bayan shekara 11 Mosul ta faɗa hannun 'yan IS.

Anti Ladi:
Ustaz, a namu ɓangaren ma haka malaman coci suka koyar tun daga Agustin har Toma Akwinas: dalili na gaskiya, hukuma mai iko, da niyya mai kyau, daga baya aka ƙara cewa yaƙi ya zama matakin ƙarshe kuma ɓarnarsa kada ta fi amfaninsa. Matsalata da duk waɗannan sharuɗɗa ita ce maganar niyya. In muka ce sai mai tsarkin zuciya zai shiga, to babu wanda zai taɓa shiga.

Ku dubi waɗanda suka tsayar da manyan masu kisa a zahiri. Idi Amin na Yuganda, wanda ake ƙiyasin an kashe mutane kimanin 300,000 a mulkinsa, wa ya kore shi? Ba Majalisar Ɗinkin Duniya ba ce, ba kuma Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ba, wadda ma ta ba shi shugabancinta a 1975. Tanzaniya ce, kuma ba don tausayin 'yan Yuganda shugabanta Nyerere ya fara ba, sai don Amin ya mamaye yankin Kagera a 1978. Suka kore shi daga ƙasarsu, suka bi shi har Kampala a Afrilun 1979. Pol Pot na Kambodiya fa? Biyetnam ce ta kawar da shi a Janairun 1979 bayan mutum wajen miliyan 1.5 zuwa 2 sun hallaka, ita ma saboda hare-haren kan iyaka ne da lissafinta na siyasa. Sakayyar da duniya ta yi mata ita ce takunkumi, kuma aka bar wa mutanen Pol Pot kujerar Kambodiya a Majalisar Ɗinkin Duniya shekara da shekaru. Indiya a 1971 haka, sai da 'yan gudun hijira kusan miliyan 10 suka kwararo mata daga Gabashin Pakistan, ta shiga, cikin kwana 13 aka gama, aka haifi Bangaladesh.

Duka ukun maƙwabta ne, duka suna da son zuciyarsu a ciki, kuma babu wadda ta samu izinin Kwamitin Sulhu. Malam Isiya, duka ukun kuma ba su tsaya a ƙayyadajjen aikinka ba, biyu sun kifar da gwamnati, ɗaya ta raba ƙasa gida biyu. To ka ce mini ba su halatta ba?

Ɗanliti:
Anti ta kawo magana. Malam, muna jira.

Malam Isiya:
Anti Ladi, tambayar ta yi nauyi. Abin da zan ce shi ne, idan gwamnati ita ce injin kisan, kamar ta Pol Pot, tsayar da kisa da kawar da ita abu ɗaya ne, ba ka iya raba su. Wannan daban yake da ka samu kisan ya tsaya ko ana iya tsayar da shi, ka ce a'a sai na ga bayan mutumin. Amma ki lura da wani abu a misalanki. Maƙwabci ba ya iya guduwa. In Yuganda ta wargaje, Tanzaniya ce za ta kwashi 'yan gudun hijira da 'yan bindiga. Wanda ya zo daga nisan kilomita dubbai kuwa, in abin ya dagule sai ya hau jirgi, kamar yadda aka gani a Kabul a Agustan 2021 bayan shekara 20. Kamar likita ne da ya tsaga ciki ya cire ƙari, ya wanke hannu ya tafi bai ɗinke ba. Shi ya sa na fi yarda da shigar wanda in ta ɓaci da shi za ta ɓaci.

Anti Ladi:
Yuganda ma ai ba ta ɗinku ba. Bayan Amin an yi Yusuf Lule na 'yan makonni, aka yi Binaisa, Obote ya dawo a 1980 da zaɓen da aka yi ta jayayya a kansa, aka shiga yaƙin daji har 1986, kuma an kashe mutane ba kaɗan ba a yankin Luwero. Biyetnam kuma ta zauna a Kambodiya shekara 10. Maƙwabci ba ya guduwa, gaskiya ne, amma wani lokacin rashin tafiyar tasa ce matsalar. Tambayi mutanen gabashin Kwango game da sojojin Ruwanda da Yuganda da suka shiga a 1996 da 1998.

Sannan ga wata a kan tsayawa a iyaka. A 1991 an yi abin da kake so daidai. Saddam ya mamaye Kuwaiti a 1990, Kwamitin Sulhu ya ba da izini, aka kore shi, aka tsaya, ba a je Bagadaza ba. Madalla. Amma 'yan Shi'a a kudu da Kurdawa a arewa da suka tashi a watan Maris, bayan Bush babba ya yi kira ga 'yan Iraƙi su kawar da shi, an bar su ya murƙushe su sojojin ƙawance suna kusa.

Baba Sajan:
Wannan haka aka yi, 'yata.

Ɗanliti:
To kun gani. In an zarce a ce an zarce, in an tsaya a ce an yi watsi da mutane. Ni abin da ya fi ci mini rai ma shi ne zaɓe. Kosobo 1999, NATO ta yi kwana 78 tana jefa bam a Yugosilabiya ba tare da izinin Kwamitin Sulhu ba, aka ce don ceton Albaniyawa ne. Daga baya wani kwamitin bincike mai zaman kansa ya ce abin ya saɓa wa doka amma yana da hujja. Shi ke nan an buɗe ƙofa. Da Putin ya tashi haɗiye Kirimiya a 2014 Kosobo ya ambata. A Fabrairun 2022 kuma, da ya mamaye Yukiren, cewa ya yi zai hana kisan ƙare dangi a yankin Donbas. Kowane mai mamaya yanzu ya koyi yaren. A gefe guda ga Sudan tun Afrilun 2023, miliyoyi sun bar gidajensu, ga Gaza, ga Rohingya a 2017. Ina masu jiragen? Ƙa'idar da ba ta hawa kan mai ƙarfi ko abokin mai ƙarfi, ni ban ga abin da ya sa zan kira ta ƙa'ida ba.

Nafisa:
Yaya, zaɓen da kake faɗa gaskiya ne, kuma daga kujerar na-ƙi ya samo asali. Amma in an ƙi ceton mutum goma, wannan ba ya zama dalilin a ƙi ceton na sha ɗaya. Iƙirarin Putin kuwa ai an auna shi, ƙasashe 141 suka yi tir da mamayar a babban zauren Majalisar a Maris 2022. Yin ƙarya da wata hujja ba ya kashe hujjar.

Kuma ba Turawa kaɗai ke da wannan tunani ba. Tun kafin taron shugabannin duniya na 2005 ya amince da alhakin kare al'umma daga kisan ƙare dangi da laifukan yaƙi da share ƙabila da cin zarafin bil'adama, dokar kafa Tarayyar Afirka ta 2000, a sashe na 4, ta riga ta ba ƙungiyar ikon shiga ƙasa mamba idan irin waɗannan manyan laifuka suka auku. Ciwon Ruwanda ne ya haifar da wannan. Sai dai da aka zo gwaji a Burundi a ƙarshen 2015, kwamitin tsaron Tarayyar ya ce za a tura soja 5,000, shugaban ƙasar Nkurunziza ya ce zai ɗauke su a matsayin 'yan mamaya, shugabanni suka taru a Janairu suka janye maganar.

Ustaz Kabiru:
Malama Nafisa, ina da tambaya. Idan gwamnatin ƙasar ce da kanta ta gayyato sojan waje fa?

Nafisa:
Allah ya gafarta Malam, a doka wannan ba ya cikin haramcin, tunda mai gida ne ya buɗe ƙofa. Amma nan ne aka fi wasa da hankalin mutane. Rasha ta shiga Siriya a Satumban 2015 da gayyatar Assad. Saudiyya da ƙawayenta sun shiga Yaman a Maris 2015 da gayyatar Shugaba Hadi, wanda a lokacin ya riga ya rasa babban birninsa. Faransa ta shiga Mali a Janairun 2013 da gayyatar gwamnatin riƙon ƙwarya, aka tarbe ta da tutoci, a 2022 ta fita ana yi mata ihu. Duka halal ne a takarda. Tambayar da takarda ba ta amsawa ita ce, shi mai gayyatar da yawun wa yake magana, kuma a kan wa za a juya bindigar.

Baba Sajan:
Tunda an zo nan, a yi maganar ECOMOG, rundunar ECOWAS, don ita ce aka fi saurin yabo ko zagi ba tare da an san ta ba. An shiga Laberiya a Agustan 1990 ba da izinin Kwamitin Sulhu ba, sai daga baya ya sa albarka. An hana madugun tawaye Charles Taylor cin Monrobiya da yaƙi, kuma mutane da yawa suna raye saboda haka. Amma a harabar ECOMOG ɗin wasu 'yan tawaye suka kama shugaban ƙasar Samuel Doe a watan Satumba, suka tafi da shi suka kashe. Yaƙin ya ja shekara bakwai, a ƙarshe Taylor ɗin da aka je hanawa ya ci zaɓe a 1997. A Saliyo an mayar da Tejan Kabbah kan mulki a Maris 1998, kuma abin mamaki gwamnatin soja ta Abacha ce ta jagoranci mayar da zaɓaɓɓen shugaba. Duk da haka a Janairun 1999 'yan tawayen RUF suka kutsa Firitawun suka yi ta yanke hannayen mutane. A Mayun 2000 sun kama dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya kusan 500. Sai Birtaniya ta turo soja da ba su da yawa amma da kayan aiki da umarni bayyananne, Gini ta matsa ta nata ɓangaren, aka ƙara yawan dakarun Majalisar, aka toshe cinikin lu'ulu'un da ke ciyar da yaƙin. A Janairun 2002 aka ce ya ƙare, kuma bai dawo ba.

Malam Isiya, ka ga a nan na nesa ne ya zo ya ƙarasa abin da maƙwabta suka zubar da jini a kai shekaru. Ɗanliti, kai kuma ka je ka ce wa wanda aka yanke wa hannu da an bar su sun sasanta kansu.

Ɗanliti:
Baba, ba zan iya ce masa haka ba. Saliyo na ba ku ita. Amma a nan ai akwai zaɓaɓɓiyar gwamnati da jama'a ke so, da 'yan tawayen da kowa ya tsana. Sau nawa ake samun rikici a fayyace haka? Ku dubi yadda Gambiya ta ruɗi mutane. Jammeh ya faɗi zaɓe a Disamban 2016, ya amince, ya dawo ya ce bai yarda ba. Aka rantsar da Adama Barrow a ofishin jakadanci a Dakar, sojojin Senegal suka tsallaka, cikin kwana biyu Jammeh ya hau jirgi zuwa Ikwatoriyal Gini. Sai aka ɗauka an samu magani. Da soja suka tsare Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ba da wa'adin mako guda da irin wannan murya. Mali da Burkina Faso suka ce taɓa Nijar taɓa su ne, Aljeriya ta ƙi, majalisar dattawan Najeriya ma ta ce a bi ta sulhu. Wa'adi ya wuce ba a yi komai ba, ƙasashe uku suka fice daga ƙungiyar.

Anti Ladi:
Gambiya ƙaramar ƙasa ce da Senegal ta kewaye ta gefe uku, kuma babban hafsan sojanta ya fito ya ce ba zai sa yaransa su yi faɗa a kan rikicin siyasa ba. Ga shugabannin Gini da Muritaniya suna Banjul suna lallashin Jammeh har daren ƙarshe. Nijar kuwa sojan ne da kansu suka karɓi mulki, kuma ba kisan kiyashi ake yi ba. Juyin mulki abin ƙi ne, amma ban ga yadda za a kai yaƙi cikin birni mai mutum sama da miliyan don a ceto mutum ɗaya da ke hannun waɗanda za a yaƙa ba.

Nafisa:
Ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 2337 da ake cewa ya halatta shiga Gambiya ma, in kun karanta shi, goyon bayan ƙoƙarin ECOWAS ya yi, ya kuma ce a fara bin hanyar siyasa. Bai ba da izinin amfani da ƙarfi ba. Abin da aka dogara da shi shi ne gayyatar Barrow, mutumin da a ranar ba ya cikin ƙasar kuma ba ya iko da ko ofishin 'yan sanda ɗaya. Da an yi ɓarin wuta an kashe mutane a Banjul, da har yau lauyoyi suna jayayya a kai.

Malam Isiya:
To Ɗanliti, tunda ka ba mu Saliyo, in tambaye ka kai tsaye. Kana kujerar Kwamitin Sulhu, rahoto ya zo cewa an kewaye gari ana shirin yanka mutanen ciki, ga ƙasar da ta ce za ta tura soja. Hannunka sama ko ƙasa?

Ɗanliti:
Sai na ji wace ƙasa ce tukuna, Malam. Sannan a rubuta a cikin ƙudurin cewa izinin na wata uku ne, in ya ƙare sai an dawo an sake ƙuri'a, ba wai ya ci gaba har sai wani ya iya tsayar da shi ba. Da an yi haka a Libiya, da a watan Yuni dole NATO ta dawo ta nemi hannun Rasha da Sin da Afirka ta Kudu. Birazil ta kawo shawara mai kama da wannan a ƙarshen 2011, cewa masu shiga su riƙa ba da bahasi ga kwamitin, ba a ɗauke ta da muhimmanci ba.

Baba Sajan:
Wata uku ya yi kaɗan, ɗana. Kafin ka kwaso bataliya da motocinta da asibitinta ka sauke a wata ƙasa, rabin wa'adin ya tafi, kuma 'yan tawaye su ma suna da kalanda, sai su shiga daji su jira ka. Ka ce wata shida, da sharaɗin duk wanda ya jefa bam shi zai kawo sojan ƙasa da kuɗin riƙe garin bayan an gama.

Ɗanliti:
In aka sa wannan sharaɗin na biyu, Baba, ina jin masu ɗaga hannu za su ragu sosai.